Yadda Ake Rufe Bakin Bargo da Keken Ɗinki

Da farko daidaita gefunan bargon da almakashi. Yanko dogayen ƙyallaye masu faɗin inci 2½, haɗa su a karkace don kada mahaɗin ya yi tudu, sai ki ninka biyu ta tsawo ki goge.

Fara ɗinka ƙyallen ta bayan bargon, daga tsakiyar gefe ɗaya, da ratar kwatan inci daga bakin bargon.

Kusurwa ce mai ba da wahala. Saura kwatan inci ki kai ƙarshe, tsaya. Ɗaga ƙyallen sama ya kwanta a karkace, ki dawo da shi ƙasa daidai sabon gefen, ki ci gaba.

Idan kin zagayo, haɗa wutsiyoyin biyu, wato farkon ƙyallen da ƙarshensa, juyo ƙyallen zuwa gaba ya rufe ɗinkin farko, kafa fil, ki bi bakinsa sannu a hankali. Gaggawa a nan ita ke karkatar da layi.