Kurakuran da ake yi wa gonar tsakuwa a gangaren Jos

Duk wanda ya fita bayan garin Jos, ko ta hanyar Bauci wajen Naraguta da Babale, ko ta Lamingo zuwa gindin duwatsun Shere, ya san irin filin da nake nufi. Tudu ne mai gangara, da damina ciyawa ta lulluɓe shi, da hunturu ta bushe ta yi ja, duwatsu manya da ƙanana sun fito fili. Irin wannan wuri ya fi araha, don haka shi ma'aikata da 'yan kasuwarmu suke saya ko su karɓi haya idan sha'awar noma ta taso musu. Bayan damina biyu ko uku sai ka ji ana cewa ƙasar ba ta da albarka. Sau da yawa ƙasar ba ta da laifi. An yi mata noman da ake yi wa shimfiɗaɗɗiyar jigawar Kano ne, alhali ita 'yar siririya ce a bisa dutse, kuma ruwan da ke sauka kanta a shekara ya kan kai milimita 1,300 zuwa 1,400, ya fi tsanani a Yuli da Agusta.

Kuskure yana farawa tun kafin a biya kuɗin fili. Mutum ya zo a watan Agusta, ya ga ciyawa shar, ya ce alhamdulillahi. Ciyawa kuwa ko a kan ƙasa mai zurfin taƙi ɗaya tana yin kyau. Ka zo da diga ka haƙa rami a saman gangaren, da tsakiya, da gindi. In ka ci karo da falalen dutse kafin ramin ya kai tsawon kamu ɗaya, ka san masara ba za ta jure fashin ruwa na kwana goma a wurin ba. Sannan ka zuba abin da ka haƙo a kwanon sarki, ka tsince tsakuwar gefe guda. Idan rabin kwanon tsakuwa ne, to rabin gonarka ce kawai take riƙe ruwa da taki, ko da takardar fili ta ce hekta guda. Ka kuma duba irin dutsen. Inda yake baƙi mai nauyi, irin na tsohon aman wuta da ake gani wajen Miango, Vom, Panyam da Kerang, ƙasar da ta fito daga jikinsa ja ce mai yumɓu, tana da ƙarfi ko da duwatsu sun cika ta. Inda dutsen yake fari-fari mai ƙyalli, wanda shi ya fi yawa kewaye da Jos, ƙasar rairayi ce da tsakuwa, mai tsami, mai saurin gajiya.

Babban kuskure, wanda ya fi cin kuɗi kuma ya fi ɓarna, shi ne kwashe duwatsun gona kaf. Sabon mai gona yana ganin dutse kamar datti ne. Sai ya ɗauki yara su tsince, a tara a bakin hanya, mai tifa ya zo ya saya, har mutum ya ji daɗi wai gona ta fara biyan kanta. Ka je gonar da ba a taɓa ba a ƙarshen Oktoba, bayan ruwa ya ɗauke, ka ɗaga dutse ɗaya mai girman kan mutum. Ƙarƙashinsa za ka tarar da ƙasa baƙa mai sanyi, da farin saiwoyi sun yi dandazo, wani lokaci har da tana, alhali taku ɗaya daga nan ƙasa ta bushe ƙamas. Dutsen da ke kwance a sama yana tare ɗigon ruwan sama kada ya daki ƙasa ya farfasa ta, yana rage gudun ruwa, yana hana rana da iskar hunturu shanye laima. Ranar da ka kwashe shi, ruwan farko na Afrilu, wanda a Jos yakan zo da iska har da ƙanƙara, zai tafi da baƙar ƙasar sama ya bar maka burji.

Gyaran ba wai a bar komai yadda yake ba ne. Ƙananan duwatsu da tsakuwa a bar su a inda suke. Manyan da ke karya garma su ake cirewa, amma ba sa barin gonar: jera su ake yi a layi, a gicciye da gangara. Nan ma akwai inda ake tuntuɓe, domin mutane suna jan layin da ido, ido kuwa yana ruɗi a kan tudu. Layin da ya karkata ko kaɗan zai tattara ruwa wuri ɗaya, ya ɓalle, ya haƙa maka kwazazzabon da da can babu shi. Ka ari farin tiyon nan da magina ke gwada daidaiton gini da shi, ka cika shi da ruwa, mutum biyu su riƙe bakinsa a jikin sanduna masu alama, kuna tafiya kuna kafa turaku a duk inda ruwan ya tsaya daidai. A bi turakun a yi ɗan rami mai zurfin yatsa, a zaunar da manyan duwatsu ta ɓangaren gindi, a cusa ƙanana ta ɓangaren sama su toshe ƙofofi. Tsayin taƙi ɗaya ko fiye kaɗan ya isa. Ba dam kake ginawa ba. So ake ruwa ya tsaya ya yi jinkiri, ya ajiye ƙasar da ya ɗauko, sannan ya tsiyaye. A fara daga saman gangare a sauko, kuma duk inda gangara ta fi tsanani a matso da layukan kusa da juna. In aka dasa jema ko gamba a bayan kowane layi, saiwarsu za ta ɗaure shi.

Wannan ba sabon ilmi ba ne a ƙasar nan. Mutanen Kofyar a kudancin Filato sun daɗe suna noma jikin tsaunuka da matakalar dutse, haka mutanen Gwoza, haka na Sukur a Adamawa, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1999. A yankin Yatenga na Burkina Faso ma da irin layukan duwatsun nan aka farfaɗo da filayen da suka zama fako. Abin mamaki, mu da muke zaune da masu wannan sani a kasuwa ɗaya ba mu cika tambayarsu ba.

Sai maganar kunya. Masu huɗa sun fi son su ja ta daga sama zuwa ƙasa don ya fi sauƙi a baya, kuma in aikin jinga ne sun fi saurin gamawa. Kowane kwarin kunya sai ya zama magudana. Amma kada a yi gaggawar cewa duk mai yin haka jahili ne. Na taɓa tambayar wani dattijo mai noman dankalin Turawa, na ce, "Baba, me ya sa ba ku gicciya kunyar nan ba?" Ya ce, "Ɗana, ka dawo a Agusta ka gani. In ruwa ya kwana a gindin dankali, ruɓewa zai yi." Gaskiyarsa. Mafita ita ce a gicciya kunyar amma a ba ta 'yar karkata kaɗan, yadda rarar ruwa za ta gangara a hankali zuwa hanya ɗaya da aka bar wa ciyawa ko aka shimfiɗa wa duwatsu. A farkon damina a yi 'yan maɗaurai a cikin kwarin kunya don su riƙe ruwa, in marka ta kankama a buɗe su.

Taki ma ana asararsa. Wanda ya zuba buhun yuriya gaba ɗaya a ƙasar tsakuwa, kamar mai ɗiban ruwa da kwando ne. A raba shi biyu ko uku, a riƙa binnewa a gindin shuka, ba watsawa ba. Kuma takin zamani shi kaɗai ba ya gyara wannan ƙasa, sai da kashin shanu ko na kaji da ruɓaɓɓiyar ciyawa, su ne ke ba ta abin riƙe ruwa. Toka tana rage tsami, shi ya sa masu lambun rani a bakin kududdufan da haƙar kuza ta bari suka daɗe suna neman tokar gari. Sai dai a guji ta bolar da aka ƙona leda da batir a ciki, kuma kada a haɗa toka da yuriya a zuba lokaci guda, ƙarfin takin zai bi iska.

Akwai kuma nacin sai masara. Masara mai ci ce, mai sha. A saman gangare inda ƙasa ba zurfi, acca da tamba sun fi ta haƙuri nesa ba kusa ba, kuma acca yanzu tana da kasuwa. Dankali da karas da rizga, masu yin 'ya'ya a cikin ƙasa, su sauko inda ƙasa ta taru, don karas in ya haɗu da tsakuwa rabewa yake yi ya karkace, mai saye a kasuwar Farin Gada kuwa ba zai ba shi kuɗin kirki ba. Inda dutse ya fi ƙasa yawa, a haƙura da garma gaba ɗaya, a bar shi ciyawar yanka ko a sa itatuwa. Mai dasa mangwaro ko kashu ya nemi tsagar dutse inda saiwa za ta sami hanya. Ramin da ya tsaya a kan falale ruwa yake tarawa ya kashe dashe. Itacen turare yana jure wurin, amma a nisanta shi da shuka, shan ruwansa ya yi yawa.

Wuta ita ce ta ƙarshe, kuma ita ce ba a hannunka kaɗai take ba. Ko kai ba ka cinna ba, masu farautar ɓera da gafiya za su cinna a Janairu ko Fabrairu, lokacin da ciyawa ta bushe sarai, wutar ta cinye har abin da zai rufe ƙasa kafin ruwan fari. Tun a Nuwamba, ciyawa da sauran ɗanyenta, ka yanke ta. Wani kaso ka ajiye wa dabbobi ko ka sayar, saura ka shimfiɗa a bayan layukan duwatsu ka danne. Sannan ka share faɗin taku uku zuwa huɗu kewaye da gonar, musamman ta gabas da arewa, inda iskar hunturu ke bugowa.