Yadda ake hawa kufan Tre'r Ceiri da gane gininsa

Tre'r Ceiri tsohon gari ne mai ganuwar dutse a kan tsaunukan Yr Eifl da ke arewacin Wales, a Birtaniya, kimanin mita 485 sama da teku. A zamanin ƙarfe aka gina shi, wato lokacin da mutanen dā suka fara ƙera kayan aiki da ƙarfe, kuma ba a watse ba har zamanin mulkin Rumawa.

Daga gefen ƙauyen Llanaelhaearn ake kama hanya, hawan kusan awa guda ne. Sa takalmi mai rufe idon sawu, domin duwatsun gangaren suna zamewa, balle in an yi ruwa. Riƙe taswirar takarda da kamfas, wato na'urar nuna alƙibla. Hazo kan taso daga teku ba sallama, hanya ta ɓace, waya kuma ba abin dogaro ba ce a can.

In ka isa, kada ka yi gaggawar shiga. Fara zagaya ganuwar ta waje. Babu laka babu siminti: fuska biyu ce ta manyan duwatsu, aka cika tsakiya da ƙanana, nauyi kaɗai ke riƙe da ita. A wasu wurare tsayinta ya kai mita 4. Ta ciki za ka ga matakin da masu tsaro ke takawa a wancan zamanin, da ɗan bangon da ke kare su. Ka matso ka duba duwatsun da kyau: wanda ka ga an huda masa ƙaramin rami, masu gyara ne suka mayar da shi a aikin da aka fara a 1989. Wannan alamar ce ke raba gyara da ginin asali, kuma baƙi da yawa sukan wuce ta ba su lura ba.

Ciki akwai kufan ɗakuna kusan 150. Wasu zagayayyu ne kamar bukka, wasu daga bisani aka raba cikinsu da bango, wasu masu kusurwa. Tulin duwatsun da ke can ƙololuwa kabari ne na zamanin tagulla, ya girmi ganuwar.

Kada ka hau kan bango, kada ka zare dutse ko ɗaya. Da zarar dutsen fuska ya goce, cikon tsakiya sai ya zubo, bangon ya bi shi. Haƙa da amfani da na'urar neman ƙarfe ba da izini ba laifi ne a dokar ƙasar.