Kafin ka biya kuɗin gida ko ka sallama naka

In za ka sayi gida a Kano ko Kaduna, kar tayil da fenti su ɗauke maka hankali, fara da takarda da kuma mutumin da yake cewa shi ne mai gidan. Tun dokar ƙasa ta 1978 filayen jiha suna hannun gwamna ne, abin da kake saya haƙƙin zama ne, yawanci na shekara 99, takardar shaidarsa ita ce satifiket ɗin C of O ɗin nan da ake magana. Toh in aka nuna maka satifiket kar ka tsaya kallon hatimi kana gyaɗa kai, karɓi kwafi ka ba lauya ya je ya bincika fayil ɗin a hukumar rajistar filaye, wato KANGIS in a Kano ne, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja. Can ne za a ga ko sunan da ke fayil shi ne na mai sayarwa, ko an jinginar da gidan a banki, ko akwai bashin harajin ƙasa a kai. Kuɗin lauyan nan da mutane suke jin ƙyashinsa wallahi bai kai komai ba in ka haɗa shi da miliyoyin da za ka zuba.

Gidajen awon igiya, wato waɗanda ba gwamnati ce ta yanka filayensu ba, su kuma galibi takardar mai unguwa ce da ta dagaci, ba laifi ana saya, amma ka nemi duk takardun cinikin baya tun daga mai gonar da aka yanka, ka je wajen mai unguwa da ƙafarka ba tare da dillali ba, sannan ka tambayi maƙwabta. Mai shagon bakin layi da limamin masallacin unguwa sun san tarihin gidan fiye da kowa. Ka kuma leƙa hukumar tsara birni, KNUPDA a Kano ko KASUPDA a Kaduna, ka tabbatar ba a kan hanya ko magudanar ruwa ko ƙarƙashin babbar wayar wuta aka yi ginin ba, don ranar rusau ba a tambayar nawa ka saya.

Inda aka fi shan wahala gidan gado ne. Za ka ga babban wa ya zo da takardu yana cewa ai duk mun amince, ka biya, bayan shekara biyu wata ƙanwarsu da take aure a wani gari ta zo ta ce ita ba ta sani ba, kuma tana da gaskiya, haƙƙinta ne. Don haka ko dai a nuna maka takardar rabon gado daga kotu, ko kuma kowane magaji mace da namiji ya sa hannu a gabanka, in akwai yara ƙanana a ciki to sai da kotu, kar ka yarda da wani gajeren zance. In ka ga an rubuta wannan gida ba na sayarwa ba ne a jikin katanga, ko an shafe rubutun da sabon fenti, ka san akwai magana.

Shi kuma ginin, in da hali ka duba shi da damina. Je bayan an ɗauke ruwa ka ga yadda layin yake, ka ɗaga kai ka kalli silin ko akwai tabon yoyo, ka shafa gindin bango ka ji ko siminti yana zubowa kamar gari, alamar danshi yana cinsa ke nan. Ɗauki magini naka ba na dillali ba, ya duba tsagewar bango da sokawe da rijiya. Tambayi bashin wuta ma, don kai za a biyo.

Wajen biya, kafin alƙalami ma a rubuta shi da shaidu, a faɗi ranar cikawa da abin da zai faru in wani ya fasa. Ka tura kuɗin ta banki zuwa asusun mai gidan da sunansa, ba na dillali ba ba na ɗan'uwansa ba. La'ada an saba kashi 5 cikin ɗari amma a yi maganarta tun kafin ciniki ya faɗa. Bayan nan ka bi canjin suna har gwamna ya amince, mutane da yawa suna barin wannan su ajiye satifiket mai sunan wani a durowa.

Kai mai sayarwa, kar ka raba gidanka wa dillalai goma, kowa zai ɗora nasa farashin har masu saye su fara zargin akwai matsala. Ɗaya ko biyu da ka yarda da su sun isa, kuma kwafi za ka ba su, takardar asali tana hannunka. In akwai aibi ka faɗa, yoyo ne ko rigimar iyaka da maƙwabci, ɓoyewa haramun ne kuma ƙarshe kai za a kira. 'Yan haya ka sanar da su da wuri su nemi wuri cikin mutunci. Sannan kar ka miƙa mukulli da takardu don ka ga alat a waya, akwai na bogi, ka duba asusunka ko ka je banki su tabbatar kuɗin sun shiga tukuna.