Yadda za ku maida guruf ɗin tsofaffin ɗalibai ya zama wurin karatu

Kusan duk makarantar 'yan mata da kika sani, Dala ce ko Shekara ko WTC ko Queen Amina ta Kaduna ko FGGC Bakori, za ki tarar 'yan kowace shekara suna da guruf ɗinsu a WhatsApp, kuma abin da ake yi a ciki bai wuce sanarwar biki da suna, hoton anko, ta'aziyya, sai masu tallan atamfa da turaren wuta. Ba laifi bane, zumunci ne. Amma a cikin guruf ɗin nan akwai likita, akwai malamar jami'a, akwai gwanar ɗinki, kuma akwai wadda tun da aka yi kandi lissafi ko Ingilishi ya riƙe mata sakamako, aka yi mata aure, yanzu 'ya'yanta huɗu amma har yau abin yana ranta, kunya ce kawai ta hana ta faɗa. Haɗa waɗannan matan shi ne aikin, sannan a jawo malamanmu da ƙannenmu da ke makarantar yanzu.

Abu na farko ku san inda kowa ta tsaya. Dan Allah kar a yi tambayar nan a tsakiyar guruf, ba wadda za ta fito gaban ƙawayenta masu digiri biyu ta ce ni fa kiredit uku gare ni. Ku zaɓi mutum biyu ko uku da aka yarda da amanarsu, masu riƙe baki, su bi kowa ta gefe su tambaye ta abu uku: ina kika tsaya, me kike so ki koya, me za ki iya koyarwa. Ta ukun nan kar a tsallake ta. Macen da aka ce ta zo ta karɓa kawai ba ta daɗewa, amma in ta san ranar Asabar ita ce za ta koyar da yankan riga ko lissafin riba da uwar kuɗi, toh za ta zauna da ƙafafunta biyu.

Daga nan sai gyaran takarda, domin yawanci nan ne ƙofar ta rufe. Kiredit biyar ake nema don shiga jami'a, har da Ingilishi, yawancin kwasa-kwasai kuma har da lissafi. WAEC tana da jarrabawar masu zaman kansu, wadda muke cewa GCE, NECO ma tana da tata wajen Nuwamba da Disamba, haka NABTEB. Makarantu da yawa suna karɓar sakamakon zama biyu a haɗe, kinga in darasi ɗaya ne ya kayar da ke ba wai tsohon sakamakonki ya tashi a banza bane, sai dai kwasa-kwasai irin likitanci galibi zama ɗaya suke so, don haka ki tambaya tukuna kafin ki kashe kuɗinki. Wadda kuma tun kafin ajin ƙarshe aka cire ta, ta nemi ajin ilimin manya, a Kano hukumar ilimin manya tana nan tun 1980 zamanin Abubakar Rimi kuma tana da cibiyoyin mata, sauran jihohi ma kowacce da tata. Sannan ku guji wuraren nan da ake cewa ki kawo kuɗi kawai za a rubuta miki amsa a allo, in an kama wurin sakamakon kowa ake riƙewa, ko an sake shi ma ranar da kika shiga aji ɗaya a kwaleji kanki za ki cuta.

Mai takarda cikakkiya hanyoyi suna da yawa yanzu, ba sai ta bar ɗakinta kullum ba. NOUN, wato jami'ar karatu daga gida, tana da cibiyoyi a jihohi, littattafanta suna intanet kyauta ki sauke a waya, asaimen ma a waya ko kwamfuta, jarrabawa ce ke kai ki cibiya. NTI da hedikwatarta ke Kaduna tun 1976 take horar da malamai daga nesa, ana NCE ana PGDE, wato diflomar koyarwa ta masu digiri, haɗuwa a ƙarshen mako. ABU ma tana da sashen karatu daga nesa. Gemu ma ba ya hana ilimi balle goyo.

Maganar maigida kuwa kar ku ɗauke ta da wasa, nan ne shirin mata da yawa ke mutuwa. Kar ki sayi fom sannan ki je neman izini. Ki je masa da lissafinki a shirye, kwana nawa a wata za ki fita, ƙarfe nawa za ki dawo, wa zai riƙe yara, kuɗin daga ina. Maza da yawa ba karatun suke ƙi ba, abin da ba su san iyakarsa ba suke gudu. In ya cije a sa babba da yake jin nauyi, yayansa ko malaminsa. Ku kuma 'yan guruf ba aikinku bane zuga, wallahi na fi son a jinkirta shekara guda a samu yardarsa da a fara a tsaya a tsakiya da rigima.

Shi darasin mako kuma ku sauƙaƙa shi. Awa ɗaya ta isa, rana ɗaya tsayayya, bayan isha'i in yara sun kwanta ko safiyar Asabar. Admin ta rufe guruf mai koyarwa kaɗai ke magana, saƙon murya gajeru kar ɗaya ya wuce minti biyar, da hoton abin da ta rubuta a takarda, in ta gama a buɗe a yi tambaya. Bidiyo yana cin data kuma ba kowa ke da wutar caji ba. A yi da Hausa a sirka Turanci inda ya zama dole, ba wurin nuna iya Turanci bane. Talla kuma a ware mata ranarta, in ba haka ba darasi zai nutse a ƙarƙashin hotunan leshi.

Kuma fa ba baƙon abu muka ɗauko ba. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu 1864, haka ta tsara 'Yan Taru. Mata daga ƙauyuka suna zuwa wurinta ƙarƙashin shugabarsu da ake kira jaji, ita Nana ke ɗora mata malfa alamar ta ba ta izini, su koyi waƙoƙin da ta rubuta na addini da tarbiyya su haddace, su koma su koyar da matan auren da hidimar gida ba ta barin su yin tafiyar. Abin lura a wurina shi ne ba ta jira kowace mace ta iso gabanta ba, wadda ta samu ita ke kai wa wadda ba ta samu ba. Ku ma duk wadda ke da waya babba ta ɗauki nauyin 'yar ajinku ɗaya da ba ta da ita, in unguwarku ɗaya ki leƙa ki kunna mata darasin.

Malamanmu su ma ɗalibai ne, mu dai muke mantawa. Akwai malamar da ta shekara ashirin tana koyarwa amma jarrabawar TRCN, hukumar rajistar malamai, da ake yi a kwamfuta tana ba ta tsoro don ba ta taɓa riƙe linzami ba, akwai mai digiri da ba na koyarwa ba tana buƙatar PGDE. Tsohuwar ɗaliba da ta iya kwamfuta ta je ta zauna da su, amma da ladabi, Malama tana nan Malamarki ko da ke ce ke nuna mata inda za ta danna, kuma a ofishin malamai za a yi ba gaban yara ba. Waɗanda suka yi ritaya kuma ku gayyato su, malamar lissafin da ta koyar da ku ita ta fi kowa iya shirya masu GCE, a riƙa yi mata ɗan ihsani da kuɗin mota.

Ɗaliban yanzu ba ta waya za ku same su ba, makarantun kwana ba a barin waya, sai kun je da ƙafa kuma da takardar neman izini wurin firinsifal, kar ku faɗo mata ba sallama. 'Yan SS2 sun fi buƙatarku, 'yan SS3 sun riga sun yi rajistar jarrabawa. Ku zauna da su kan haɗin darussan JAMB na kowane kwas, yarinya tana son aikin jinya amma ba ta san sai da fizis da kemistiri da bayoloji ba. Ku duba musu NIN, tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da ita, kuma sunan da ke jiki da ranar haihuwa su yi daidai da na takardun makaranta, Aisha a nan A'ishatu a can ya wahalar da yara ba kaɗan ba. Kowace yarinya ta tafi da lambar Anti ɗaya da za ta kira bayan kandi, da sanin iyayenta, ko aure aka yi mata zaren bai tsinke ba.

Kuɗi kuma, yadda ake tara na anko haka za a tara na fom, kowa abin da za ta iya a wata. A buɗe asusu mai sa hannun mutum biyu, kar ya zama asusun mutum ɗaya komai kirkinta, kuma kar a ba kowa kuɗi a hannu, ma'aji ta biya cibiyar rajista kai tsaye ta turo rasit a guruf ɗin shugabanni, sunan wadda aka biya wa kuma ya tsaya tsakaninsu.