Dundumi a yara: a fara duba tukunyar miya

Assalamu alaikum iyaye. Idan yaro yana gani ras da rana, amma da magariba ta yi sai ya fara lalube yana tuntuɓe da tabarma, dundumi ne, kuma galibi ƙarancin sinadarin bitamin A ke jawo shi. In aka bar shi, farin ido kan bushe, wani farin tabo mai kamar kumfa ya fito, har ya kai ga makanta. Yaron da ya tashi daga ƙyanda ya fi shiga haɗari.

Maganin yana Kasuwar Yankaba, kasuwar kayan miya a Kano: karas, kabewa, alayyahu, zogale, gwanda. A haɗa da ƙwai, da ɗan yankan hanta sau ɗaya a mako (mai juna biyu kam ta rage hanta).

Inda muke yin asara a girki ne. Manja mai ja yana cike da sinadarin, amma in aka soya shi har ya yi hayaƙi ya koma fari, an ƙone shi. Zogale kuma a shanya shi a inuwa, rana tana cinye amfaninsa. Ganye yana son maiƙo kafin hanji ya tsotse shi, don haka kwaɗon zogale ya samu ƙuli-ƙuli da cokali ɗaya na mai.

Daga wata 6 zuwa shekara 5, a kai yaro asibitin unguwa duk bayan wata 6 a ɗiga masa bitamin A a baki. Yanar ido kuwa abinci ba ya cire ta, sai aikin likitan ido.