Yadda ɗan jarida zai koma mai ba da shawara kan hulɗa da jama'a

Ɗan jaridar da ya shafe shekaru yana farautar labari, sannan ya ƙudiri aniyar buɗe ofishin ba da shawara kan hulɗa da jama'a, tsohuwar hanya ya hau. Ivy Lee, wanda ake lissafawa cikin iyayen wannan sana'a a Amurka, wakilin jarida ne a New York kafin ya sauya sheƙa, kuma a shekarar 1906, da jirgin ƙasa na kamfanin Pennsylvania ya yi hatsari a Atlantic City, shi ne ya shawo kan kamfanin ya fitar da bayani ga manema labarai maimakon rufa-rufa.

Ka fara da ajiye aikin jarida a fili, da takarda, kafin ka karɓi kwabon kowa. Taura biyu ba ta taunuwa, domin wanda yake rubuta rahoto a kan kamfani da safe, ya rubuta wa kamfanin sanarwa da yamma, ya ci amanar masu karatu, kuma ranar da asiri ya tonu zai rasa gida biyun.

Daga nan sai rajista. A Najeriya, Cibiyar Hulɗa da Jama'a ta Ƙasa, wato NIPR, wadda aka kafa a 1963, ta samu ikon tsara sana'ar ne ta Doka mai lamba 16 ta 1990, kuma dokar ta hana yin aikin ba tare da rajista da cibiyar ba, komai daɗewarka a ɗakin labarai. Ka yi wa ofishinka rajista da hukumar rajistar kamfanoni, wato CAC. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya damar kafa ƙaramin kamfani. Idan aikin ya haɗa da talla, sai hukumar kula da harkar talla, wato ARCON, ta tantance tallar kafin a sake ta.

Jarin da ka taho da shi kuwa ya wuce tarin lambobin waya. Ka san lokacin da edita ke rufe shafi, ka san cewa sanarwar da ta ɓoye labarinta a sakin layi na biyar kwandon shara za ta, ka kuma san tambayar da wakili zai jefa wa shugaban kamfani a taron manema labarai. Ka zaunar da wanda kake wa aiki ka yi masa waɗannan tambayoyi masu zafi tun a ofis. Amma a ganina babban jarin shi ne yardar tsofaffin abokan aikinka, waɗanda za su ɗauki wayarka saboda sun san ka, kuma ƙarya ɗaya ta isa ta sa su daina. Idan akwai abin da ba ka da izinin faɗa, ka ce ba ka da izini. Kada ka musanta abin da ka san ya faru, kada kuma ka nemi a danne labari da na goro, domin ka fi kowa sanin yadda wannan ɗabi'a ke zubar da mutuncin mai bayarwa da mai karɓa.

Abin da aikin jarida bai koya maka ba shi ne ciniki. Ka rubuta yarjejeniya da ta fayyace ko biyan wata-wata ne ko na aiki guda, ka ware ladanka daga kuɗin talla da na zauren taro, kuma kada ka yi alƙawarin shafin farko, tunda hukuncin edita ne. Idan jama'ar da ake son isa gare su a Kano ko Sakkwato suke, ka haɗa sanarwar da gajeriyar murya cikin Hausa wadda gidajen rediyo za su iya sakawa a labaran rana.