Yadda ake tsara jerin abin sha mai kawo riba a shagon gahawa

Na sha ganin sabon mai shagon gahawa ya sayi inji mai tsada, ya gyara wuri fes, sannan ya kafa allo ɗauke da abin sha har iri talatin. Kafin wata shida sai ka ji yana kukan cewa ciniki na tafiya amma kuɗi ba sa zama. Ni ma ta taɓa ci da ni. Ba zan tsaya koya maka haɗa esfireso ba, wato gahawa mai ƙarfi da inji ke tatsowa, wanda ya kai ga buɗe shago ya wuce nan. Maganar allo za mu yi.

Fara da rage yawa. Iri goma zuwa sha biyu sun ishe ka, kuma ka gina su a kan kaya ƙalilan: esfireso, madara, ruwan zafi, cakulan, ƙanƙara da ganyen shayi. Daga waɗannan kaɗai za ka fitar da amerikano, latte, kafucino, moka, da masu sanyinsu. A wurina doka ce, duk kayan haɗin da abin sha ɗaya tak ke buƙata ba ya shiga shago. Kwalbar sirof, wato ruwan zaƙi mai ƙamshi, da aka buɗe don mutum biyu a mako kuɗi ne a tsaye a kan kanta, ƙarshenta kwandon shara.

Sai babban aikin, wanda mafi yawa suke tsallakewa: sanin nawa kowane kofi yake ci maka kafin ya isa hannun mai saye. Ka nemi ƙaramin sikeli mai auna giram, ka zauna da biro da takarda ranar da shago yake rufe. Esfireso mai ninki biyu yakan ci kimanin giram 18 na niƙaƙƙiyar gahawa, ya fitar da wajen giram 36 cikin daƙiƙa 25 zuwa 30. Ke nan kilo ɗaya zai ba ka kofi 55 a lissafin takarda. Kada ka yarda da 55 ɗin nan. Kowace safiya sai an daidaita injin niƙa, a zubar da na gwaji biyu ko uku, ga wanda ke zubewa a kan tebur, ga wanda mai haɗawa zai sha. Ni da 50 nake lissafi.

Amma ba a gahawar na faɗi ba, a madara ne. Latte a kofi mai cin mililita 350 yana shan madara wajen mililita 250, wato lita ɗaya kofi huɗu. Haka na rubuta, haka na sa farashi, amma duk ƙarshen wata madarar da na saya ta zarce wadda na sayar nesa ba kusa ba. Har na fara zargin ma'aikata, abin da nake nadama har yau. Wata rana na ajiye bokiti kusa da inji, na ce duk ragowar da ta saura a jug a juye ta ciki maimakon a zuba a rariya. Da dare na auna, ta kusa lita biyu. Ba wanda ya saci komai. Jug ɗinmu ne babba, hannu kuma ya saba cika shi ko da kofi ɗaya za a haɗa. Madarar da tururi ya riga ya kai digiri 60 zuwa 65 a ma'aunin Celsius ba a sake dafa ta, kumfarta ba ta tashi, ɗanɗanonta ya canja, dole a zubar. Maganin bai fi ƙarfin kowa ba: ƙaramin jug don kofi ɗaya, da alama a jikinsa inda madara za ta tsaya. Ka yi gwajin bokitin nan tun makon farko.

A cikin lissafin ka sa kofin takarda, murfi, hannun kwali da ake zura wa kofi mai zafi, tsinken zuƙa, suga, har da takardar goge baki. Ɗai-ɗai ba su kai komai ba, amma idan an tara su a kofin shayi sukan iya fin ganyen shayin kansa tsada. Idan akwai wurin ajiya, sayen kofuna da kwali-kwali ya fi sauƙi, sai dai kada ka buga sunan shago a jiki tukuna, sai ka tabbatar da girman da za ka zauna a kai.

Yanzu ne za ka sa farashi, ba ta hanyar leƙa allon maƙwabci ba, don ba ka san hayarsa ko bashinsa ba. Ni ba na barin kayan haɗi da kofi su wuce kashi 30 cikin 100 na farashi, saboda a ragowar ne haya, albashi da wuta za su fito. Sai dai ka lura, kaso ba shi ake kaiwa banki ba. Shayi na iya ba ka kaso mai kyau ƙwarai amma kuɗin da ya rage a hannu kaɗan ne, moka kuwa kasonsa bai kai haka ba amma ya bar maka fiye. Kuɗin da ya rage a kowane kofi shi za ka rubuta a gefen sunansa.

Girma biyu sun wadatar, ƙarami da babba. Sau da yawa esfireson da ke cikinsu ɗaya ne, madara ce kawai ta ƙaru, don haka ribar babba ta fi. Ka kuma auna lokaci. Abin shan da ke cinye minti huɗu a injin markaɗe da safe, layi na jira, yana kore maka mutum uku. Shi ya sa nake son jiƙon gahawa mai sanyi: ana jiƙa shi awa 12 zuwa 24 tun jiya, yau zubawa kawai za a yi, ko da yake yana cin garin gahawa fiye da saura, sai ka sa hakan a lissafi.

A allo, masu bar maka kuɗi su hau sama inda ido ke fara sauka, rubutu ya zama manya, ƙarin esfireso ko madarar waken soya kuma kowanne da kuɗinsa a rubuce.

Bayan wata uku ka fito da littafin ciniki. Michael Kasavana da Donald Smith na jami'ar jihar Michigan a Amurka sun fitar da wata hanya a 1982 ta raba kaya gida huɗu bisa yawan saye da yawan riba. Mai farin jini kuma mai riba, kada ka taɓa shi. Mai farin jini maras riba, ƙara masa kuɗi kaɗan ko ka rage abin da yake ci. Mai riba da ba a saye, canja masa suna ko wuri a allo, ka sa ma'aikata su riƙa ambatarsa. Wanda ba a saye kuma ba riba, goge shi ranar, ko da kai ne ka ƙirƙiro shi.